Tibinka lafiyarshi lau, saitin shago ne ba ka cire ba

Wa alaikumus salam Malam. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce ka sayi filasma inci 55 a nan Birnin Kebbi ka kai gida Jega, a shago hoton kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma da anka kafa shi a falo sai fuskokin mutane sunka koma jajaye kamar masu bilicin, ciyawar filin ƙwallo kamar an watsa mata fenti, in fim ya kai wurin dare ba ka ganin komai sai idanu da haƙora, sannan in ka jima kana kallo da dare idonka ya riƙa yaji. Yaron shago kuma ya ce maka ko dai fanel, wato gilashin allon, ne ya samu matsala ko kuma sai ka sayi dikoda mai 4K. To don Allah kar ka ƙara fidda ko sisi tukuna. Ni tun zamanin tibi mai ƙeya nake wanga aiki na gyara da kafa dish, kuma abin da ka lissafa ɗin nan kusan duk sati sai an kira ni a kanshi, in na je ko sukundireba ba na buɗewa, rimot kawai nake karɓa.

Bari in fara da shagon tunda can abin ya samo asali. Tibi a shago gasa yake yi da 'yan'uwanshi goma sha da ke jere, ga fitilu sun haske ko'ina ga ƙofa a buɗe rana na shigowa, wanda duk ya fi ƙyalli da ihun kala shi ido zai fara faɗawa, kamfanoni kuma sun san haka. Shi ya sa suke fito da shi a kan saitin da za ka ga an rubuta Dynamic ko Vivid, fitilar baya an ƙure ta, kala an ƙure, an zuba shuɗi a cikin farin, kaifi an kai shi sama. Na biyu, abin da suke kunna maka a shago bidiyon talla ne na 4K daga filash, wanda anka ɗauka musamman don ya burge. Kai ko da ka je gida tasha ka kama. Tasha ta gama-gari ɗigon hotonta 720 ne a kwance 576 a tsaye, allon 4K kuwa 3840 ne da 2160, in ka buga lissafi ninki ashirin ke nan daidai, wato duk ɗigo ɗaya da tasha ta aiko sai tibin ya ƙago sha tara daga kanshi ya cike gurbi. Ka haɗa wanga da saitin shago, dole ka ga abin da ka gani. Dikoda mai 4K ba zai yi maka maganin komai ba in tashar da kanta ba da 4K take watsawa ba, kuma mafi yawan tashoshin da muke kamawa nan ba su wuce HD ba, da yawa ma ba su kai ba.

Wani zai ce ai kala ra'ayi ce, kowa da irin wadda yake so. E to, tibinka ne, in ka ga dama ka mai da kowa kore ba mai hana ka. Amma akwai ma'auni da masu haɗa fim da gidajen talabijin ke aiki da shi. Na HD sunanshi Rec. 709, tun 1990 anka tsayar da shi, shi ya faɗi wane irin ja ne ja, wane ne kore, wane ne shuɗi, ya kuma ce farin ya zama wanda ake kira D65, kusan 6500 a ma'aunin Kelvin, wato irin hasken rana tsaka. Wanda ya tace hoton a sutudiyo a kan wanga ma'auni ya dubi allonshi ya ce haka nake son fuskar wance ta fito. Duk saitin da zan faɗa maka manufarshi guda ce, tibinka ya daina ƙarin gishiri ya nuna abin da anka aiko mishi.

Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoton lambobin da ke menu da wayarka don in ka rikice ka san hanyar komawa. Ka bar tibin a kunne kamar minti 20 zuwa 30 ya ɗumama, kuma ka yi saitin a lokacin da ka fi kallo, in bayan isha'i kuke zama to bayan isha'i, da irin fitilar da kuka saba kunnawa. Sannan ka leƙa bayanshi ka ga da wace waya anka haɗa dikodan. In wayar nan ce mai kai uku, rawaya da ja da fari, to rabin matsalarka ke nan, ita rawayar ita kaɗai ke ɗauke da hoton duka, haske da kala a cakuɗe cikin waya guda, ba ta iya ɗaukar HD ko kaɗan, shi ya sa za ka ga jan kala na tsiyaya yana fita daga gefen riga. In dikodan na da ramin HDMI ka sayi wayar ka sa, kuma ba sai mai tsada ba, wadda ke aiki tana aiki, kar wani ya ce maka mai kan zinari ta fi fidda kala. Daga nan ka shiga menu na dikodan shi kanshi ka tabbata yana fiddo 1080i ko 1080p, wato hoton HD, don na sha samun dikoda HD da HDMI a jiki amma an bar shi a kan 576 tun ranar da anka kafa.

Yanzu tibin. Ka duba ko yana kan Store Mode ko Retail ko Demo, ka mai da shi Home. Alamarshi ita ce ka yi saiti bayan 'yan mintoci ya koma yadda yake da kanshi, ko wani talla ya riƙa fitowa a gefen allo. Bayan nan ka je Picture Mode ka zaɓi Cinema ko Movie, in sabo ne za ka iya ganin Filmmaker Mode, wanda anka sanar a 2019 ya fara zuwa a tibin 2020, LG da Samsung da Hisense da Panasonic duk suna sa shi. Wallahi wanga mataki shi kaɗai ya fi duk sauran da zan faɗa nauyi, don a nan ne kamfani ya ajiye saitin da ya fi kusa da ma'aunin can. In naka ɗan Kwatano ne da ya shigo ta Kamba menu na Faransanci, ka fara canja harshen, ko ka riƙe cewa Luminosité shi ne Brightness, Netteté shi ne Sharpness, Rétroéclairage kuma fitilar baya.

Ina gaya maka tun yanzu, kana matsawa Cinema za ka ji ranka ya ɓaci. Hoton zai yi maka duhu-duhu ya yi rawaya kamar tsohuwar takarda, uwargida za ta ce mi ka yi ma tibin. Ka daure. Ka san bula da mai wanki ke sa ma farar riga, rigar ba ta ƙara fari ba, shuɗi anka ɗan zuba mata ido ya ɗauka fari ne tas. To haka Cool yake a wurin Colour Temperature, farinshi na haura 9000 Kelvin, wani ma ya wuce 10000, idonka ya saba da bular shi ya sa farin gaskiya ke yi maka kama da rawaya. Ka sa shi a Warm, in Samsung ne Warm2, in LG ne na baya-bayan nan ka ja shi zuwa Warm 50. In ka ga ba za ka iya ba ko kaɗan ka tsaya a Warm1, ba laifi, amma kar ka koma Cool. 

Sai ka bi ka kashe 'yan shisshigi. Dynamic Contrast, Contrast Enhancer, Black Enhancer, Live Colour, Dynamic Colour, duk wani abu mai irin wanga suna. Aikinsu su riƙa canja hoton da kansu daga wuri zuwa wuri, kai kana saiti su suna warwarewa. Wanda ke cinye maka fuskoki a wurin dare galibi Dynamic Contrast ne, yana danne duk abin da ke kusa da baƙi ya mai da shi baƙi ƙirin don hoton ya yi kamar yana da ƙarfi, mu kuwa fatarmu a wanga yanki na ma'auni take zaune, bature a fim zai tsira, ɗan wasan Hausa da anka ɗauka a ɗaki mai fitila guda shi ne zai ɓace. Energy Saving da Eco Sensor su ma ka kashe su lokacin saiti, in ka gama ka ga kana so ka maido.

To ga inda mutane ke ruɗewa, kuma ba laifinsu ba ne laifin masu sa sunan ne. Abu uku ne daban. Backlight shi ne ƙarfin fitilun da ke bayan allon, shi ne hasken gaske. Brightness, duk da sunanshi, ba haske yake ƙarawa ba, shi ke faɗin inda baƙi zai tsaya. Contrast kuma shi ke faɗin inda fari zai tsaya. Mutum zai ga tibi ya yi mishi duhu ya je ya ƙara Brightness, sai baƙin ya koma toka-toka kamar an yi hazo a cikin allon, alhali fitilar baya ya kamata ya ƙara. Ƙarin ruɗani, Sony da sababbin Samsung sun mai da sunan fitilar baya Brightness, shi kuma ma'aunin baƙin Sony ta kira shi Black Level, Samsung ta kira shi Shadow Detail. Yadda za ka gane ko wanne ne, ka ja shi sama, in duk allon ya ƙara haske har ɗakin ya haskaka fitila ce, in baƙin ne kawai ya yi fari-fari to ma'aunin baƙi ne.

Fitilar baya ita ce kaɗai ba ta da lamba guda, ɗakinka ne zai faɗa maka. Masu tace fim a ɗaki mai duhu suke aiki da allo mai hasken da bai wuce 100 ba a ma'aunin da ake kira nit, tibin yanzu kuwa in ka ƙure shi yana ninka wanga sau biyu sau uku ko fi, ka zauna a gabanshi cikin duhu ka ce ido ba zai yi yaji ba? Da dare ka sauke ta ƙasa da rabi, ka rage har sai farin allo ya daina sa ka runtse ido. Da rana in taga na fuskantar tibin ka ɗaga. Ni abin da nake yi ma mutane shi ne in saita musu biyu, Cinema na dare, Standard da na gyara na rana, wasu LG ma sun zo da nasu a shirye, Expert na ɗaki mai haske da na ɗaki mai duhu. Kuma akwai riba biyu a rage ta da ba ruwansu da kyan hoto. Fitilun nan su ne ke shan mafi yawan wutar tibi, in kana kan sola ko inbata ka rage ka dubi allon inbatan za ka ga lodin ya sauka da idonka, batir ya ƙara kai ka. Na biyu su ne abin da ya fi mutuwa a tibin zamani. Ka bar su a 100 kullum cikin zafin Afrilu namu da ke haura digiri 40, an manna tibin da bango ba inda iska za ta bi, shekara biyu uku sai ka kawo min shi yana magana ba hoto. Rabin aikin da ke kan bencina ke nan.

Yanzu baƙi da fari, kuma nan nake son ka nutsu don in waɗanga biyu sunka zauna sauran wasa ne. Akwai hotunan gwaji da anka yi musamman, irin su AVS HD 709 da ake saukewa kyauta a sa a filash, in ka samu ka buɗe na baƙin za ka ga sanduna masu lamba suna ƙyaftawa, ka saita har 17 zuwa sama su riƙa ƙyaftawa a hankali, 16 zuwa ƙasa su nutse cikin baƙi. Na farin kuma ka tabbata kana ganin sanduna har zuwa 234. Amma na san ba kowa zai tsaya neman wanga ba, don haka ga dabarar da nake yi a gidajen mutane, kuma ban taɓa shiga gidan da ba su da abin gwajin ba. Ka kamo tashar Saudiyya da ke haska Harami kai tsaye dare da rana, ko a dikoda ko a YouTube. Ba hoton da ya kai shi haɗa baƙi da fari wuri guda. Rigar Ka'aba baƙin alharini ce, amma ba baƙi ne sumul ba, akwai rubutu da anka saƙa a jikinta baƙi a kan baƙi, ban da na zinarin da ke sama. Ka jira kyamara ta matso kusa. In rigar ta zama baƙin allo kawai ba ka ganin saƙar, ma'aunin baƙinka ya yi ƙasa, ka ɗaga ɗaya-ɗaya har rubutun ya fara bayyana. In kuma rigar ta koma kalar toka ka wuce wuri, ka dawo. Inda za ka tsaya shi ne rigar na nan baƙa amma saƙar na ganuwa, kuma galibi a Cinema bai wuce taki biyu ko uku daga inda kamfani ya ajiye shi, in ka ga ka yi tafiyar goma to wani abu ne daban, zan zo kanshi.

Farin kuma ka dubi masu ɗawafi. Mayafin haramin alhazai fari ne, daɓen marmara fari ne, fitilu na dukan su. In Contrast ya yi yawa za ka ga alhazan sun narke cikin daɓen, ba ka ganin ninkin mayafin a kafaɗa, ba ka ganin layin da ke tsakanin marmara da marmara. Ka rage har su dawo. In ma'aunin naka na ɗari ne yawanci tsakanin 80 da 90 nake samun kaina. Wani gwajin shi ne labaran NTA ko wani taro da manya sunka sha farar shadda, aikin zaren da ke ƙirjin babbar riga fari a kan fari ya kamata ka gan shi, in rigar ta zama kamar an yanko takarda an manna to ka rage. Sai dai ka sani wani lokaci kyamarar ce ta ƙone farin tun daga can, in ka rage ka rage bai dawo ba ka ƙyale shi, ba daga gare ka ba ne, ka gwada da wani hoton.

Abin da na ce zan dawo kanshi. Hoton bidiyo baƙinshi a lamba 16 yake farinshi a 235, kwamfuta kuwa daga 0 take farawa ta ƙare a 255. In na'urar da ka haɗa da tibin ba su yi magana guda ba sai an samu ɗayan biyu, ko hoton ya yi fari-fari kamar an shimfiɗa mishi farin gyale, ko duhun ya cinye komai. Wurin gyaran a Samsung sunanshi HDMI Black Level, a LG Black Level ko Video Range. In dikoda ne ka bar shi a Auto ko Low ko Limited. An fi samun rikicin in an haɗa laftof ko PS4, can sai ka tabbata abin da na'urar ke fiddawa shi tibin ke jira. Gamma kuma, wato ma'aunin hasken abin da ke tsakanin baƙi da fari, ka sa 2.2 in da fitila kuke kallo, 2.4 ko BT.1886 na wanda ke kashe fitila ne ɗungurum, a falon gida da yara ke shiga da fita 2.2 ya fi fiddo fuskokinmu.

Sai kala, wadda ita ce ta kawo ka amma ka ga sai yanzu na iso gare ta, da gangan ne. In ka yi na sama za ka tarar jan fuskar ya ragu da kanshi. Colour ka bar shi inda Cinema ya ajiye, galibi tsakiya ne ko kusa. In har yanzu kana ganin yawa, kar ka auna da ciyawa ko da rigar 'yan ƙwallo don ba ka san ainihin kalarsu ba, ka auna da abin da idonka ya haddace, fatar mutum. Ka kamo mai karanta labarai a Arewa24 ko wani malami da ka taɓa gani ido da ido, ka rage kalar har ƙasa hoton ya koma baƙi da fari, sannan ka riƙa ɗagawa a hankali har fuskar ta yi kama da ta mutum mai jini a jika, kana ganin ta fara komawa kalar manja ka dawo baya taki biyu. Tint ko Hue kar ka taɓa, ka bar shi a sifili, gadon NTSC ne, tsohon tsarin watsa talabijin na Amurka, mu nan PAL muka tashi da shi ba ya buƙatarshi, a HDMI kuwa ba shi da wani aiki sai ɓata fuska ta koma kore ko shunayya. In Colour Space ko Gamut na nan ka sa Auto, Native da Wide su ne ke mai da ciyawa fenti.

Sharpness ba ya ƙaro komai a hoto, abin da ba a aiko ba ba a aiko ba. Farin zare yake ja a gefen kowane abu don ido ya ɗauka ya fito, ka dubi gefen hular mutum ko rubutun ƙasan allo za ka ga zaren, kuma a tasha mai rauni shi ke fiddo ƙuraje da 'yan murabba'ai a fuska. Ka rage har zaren ya ɓace. A Samsung sifili ne, a LG wajen 10, amma a wasu kamar Sony tsakiya ne ba ƙari ba ragi, in ka sauka ƙasa da haka hoton zai dushe. Tsofaffin finafinan Hausa da tashoshi marasa ƙarfi kana iya bar musu Noise Reduction a Low, ga HD ka kashe.

Akwai kuma mai sa fim ya riƙa sulɓi kamar bidiyon biki, LG na ce mishi TruMotion, Sony Motionflow, Samsung Auto Motion Plus ko Picture Clarity. Fim hoto 24 ne a daƙiƙa, shi sai ya ƙirƙiro wasu ya cusa a tsakani. Ga fim ka kashe. Ga ƙwallo ra'ayi ne, ni ina barin shi a mafi ƙanƙanta, don in ya yi yawa za ka ga an buga ƙwallo ta rabu biyu a iska ko ta ɓace ta sake fitowa, masu gidan kallo su lura da wanga. In yara na buga gem ka sa musu Game Mode a ramin da na'urar take. Girman hoto ka sa 16:9 tare da Just Scan ko Fit to Screen don kar ya yanke gefe ya cinye maka sakamakon wasa, tsohon shiri mai 4:3 kuma ka bar shi da baƙaƙen gefenshi, ya fi a ja shi kowa ya koma gajere mai faɗi. Kuma ka tuna kowane rami da saitinshi, abin da ka yi a HDMI 1 bai shafi HDMI 2 ko filash ko YouTube ba sai ka danna Apply to All Inputs ko ka bi su ɗaya-ɗaya.

Wani abu da ba a menu yake ba, kuma ban ga kowa na maganarshi ba. A ina anka rataye tibin? Mu nan an saba a kai shi can sama kusa da silin don kar yara su taɓa, sannan a zauna ƙasa kan kafet ko tabarma ana kallo ana ɗaga wuya. Allon LCD, wato na tibin yanzu mai fitilar baya da muke ce ma filasma, musamman nau'in da ake kira VA da ya fi yawa a manyan tibi masu sauƙin kuɗi, kalarshi na canjawa in ba daga gaba kake dubanshi ba, baƙi ya yi toka fuska ta koɗe. Na taɓa zuwa wani gida a Argungu mai gidan ya rantse an sayar mishi da jabu, na ce ya miƙe tsaye ya duba, ya miƙe ya ce au. Ka gwada haka kai ma. In hoton ya gyaru da ka tashi, ka sauko da tibin ko ka sayi ƙarfen ratayewa mai sunkuyawa ka karkato shi ya dubi inda kuke zama. Fitilun kwalliyar nan shuɗi da ja da ake zagaye silin da su ma suna rikita ido, lokacin kallo ka kashe su, ka bar farin ƙwai guda mara ƙarfi a gefe ko a bayan tibin, kar ya zama yana haska allon kai tsaye. Ƙurar hunturu kuma tana dusar da hoto fiye da yadda kake zato, ka kashe tibin ka goge da tattausan ƙyalle da ka ɗan jiƙa da ruwa ka matse, ban da fesa ruwa a jikin allon, ban da omo ban da fetur, ruwan na gangarawa ƙasa ya ci 'yan siraran wayoyin fanel, wanga kuwa da wuya ya gyaru.

HDR, wato bidiyon da anka yi don ya fiddo haske da duhu fiye da na yau da kullum, in ka ci karo da shi a YouTube ko Netflix tibin zai buɗe wani saiti daban da kanshi, can ka zaɓi Cinema ɗin HDR ka bar fitilar baya da Contrast a ƙure yadda sunka zo, dokarshi daban ce. In ka ga ya fi hoton yau da kullum duhu kar ka yi mamaki, tibi mai araha na karɓar HDR amma ba shi da hasken da zai nuna shi.

Inda nake son ka tsaya kar ka wuce shi ne White Balance mai maki 2 ko 10 ko 20, wato wurin daidaita farin, da Colour Management na daidaita kowace kala ita kaɗai, da uwa uba menu na injiniyoyi da ake shiga da lambobin sirri. Waɗanga ba a yin su da ido, sai da na'urar auna kala da ake mannawa a allo irin i1Display, da manhaja irin Calman ko HCFR. Kuma kar ka kwafi lambobin wani daga intanet ko da tibinku iri ɗaya ne, fanel biyu daga kamfani guda ba sa fitowa daidai, abin da ya gyara nashi kai ɓata naka zai yi. Menu na injiniyoyi kuwa na ga wanda ya shiga ya canja nau'in fanel hoton ya kife ƙafa a sama, sai da munka sake mishi manhaja.

Yaushe za ka yarda da yaron shago cewa fanel ne? Ka buɗe menu na tibin ka dubi rubutunshi, ko ka nemi Picture Test a wurin Support. In menu ya fito tas da farinshi, tibin lafiya lau, matsalar daga dikoda ce ko waya ko tasha. In kuwa har menu ɗin ya yi shuɗi ko shunayya duk da ka sa Warm, fitilun baya ne sunka gaji, don su asalinsu shuɗi ne an shafa musu wani sinadari rawaya ya mai da su fari, in ya ƙone shuɗin ke fitowa, sai canji. Layi a tsaye da ba ya motsi, ko rabin allo duhu, ko hoto ya koma kamar nagatif na hoton da, waɗanga aikin benci ne, kuma tunda sabo ne ka mai da shi da rasit ɗinka kar ka bari kowa ya buɗe. Amma cikin abin da ka lissafa ban ga ko ɗaya daga ciki ba.

Ka yi saitin, ka sake ɗaukar hoton lambobin don ranar da yara za su yi wasa da rimot, sannan ka roƙi mutanen gida su ba ka kwana uku kar kowa ya taɓa. Ran na huɗu ka kamo tashar Makka ka mai da shi Dynamic na minti ɗaya kowa ya gani, ka dawo Cinema, su zaɓa da kansu. In akwai sunan da ka nema a menu ba ka samu ba, ka turo min lambar model da ke kan takardar bayan tibin da hoton menu ɗin, in faɗa maka abin da naka kamfanin ke kiranshi.